Na ajiye aikin banki na kama sana'ar magana a gaban jama'a

Ranar da na gaya wa mahaifina cewa zan ajiye aikin banki, bayan sallar La'asar ce, muna zaure a gidansa da ke cikin birnin Kano, yana kishingiɗe a kan buzu da 'yar rediyonsa a gefe. Na yi makonni ina shirya maganar a zuci, amma da na buɗe baki sai ta fito a gajarce. Na ce, "Baba, ina so in bar banki a ƙarshen shekarar nan, in Allah Ya yarda, in riƙa koyar da mutane a wajen taro ana biyana." Ya rage muryar rediyon, ya tashi zaune, ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Ina jin ka. Kayan me za ka riƙa sayarwa?" Na ce ba kaya ba ne, magana ce. Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce, "Roƙo ke nan."

Bai faɗi haka cikin fushi ba, kuma ba don ya wulaƙanta ni ba. Mutum ne da ya yi shekara sama da arba'in yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma a saninsa sana'a ita ce wadda ake miƙa kuɗi a miƙo abin da hannu zai riƙe. Masu samun abinci da fatar baki da ya sani kashi uku ne. Akwai malami mai wa'azi, wanda ba ya yanka wa karatunsa farashi, sai dai a ba shi abin da ya sawwaƙa. Akwai lauya, wanda yake da kotu da baƙar riga da takardar shaida. Sai kuma maroƙi da sanƙira, waɗanda ake ba su domin sun wasa mutum a bainar jama'a. Ya san ni ba malami ba ne, ba kuma lauya ba ne, saboda haka bai ga inda zai ajiye ni ba sai a kashi na uku. Wannan kalma guda da ya faɗa ta bi ni tsawon shekaru, kuma yawancin abin da na yi daidai a sana'ata na yi shi ne ina ƙoƙarin ba ta amsa.

Na shiga banki a 2007, bayan na gama karatun tattalin arziki a Jami'ar Bayero na kuma yi hidimar ƙasa. Lokacin bankunan ƙasar nan ba su daɗe da fitowa daga haɗakar 2005 ba, wadda Babban Banki a zamanin Farfesa Charles Soludo ya tilasta wa kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, har bankuna 89 suka koma 25. Waɗanda suka tsira suna ta buɗe rassa suna ɗibar matasa, ni ma aka ɗebe ni. A unguwarmu samun aikin banki babban abu ne. Mahaifiyata, wadda ba ta faɗin sunana saboda ni ne ɗan fari, sai da ta yi sadakar ƙosai ranar da na fara zuwa ofis. An saka ni a sashen nemo masu ajiya, inda kowane wata ake ɗora wa mutum adadin kuɗin da zai kawo, abin da muke kira taget. Na ga 2009, lokacin da Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin wasu bankuna, aka kuma sallami ma'aikata da yawa, cikinsu har da waɗanda muka fara aiki tare. Na ga 2015, lokacin da gwamnatin tarayya ta kwashe kuɗaɗenta daga bankunan kasuwanci ta mayar asusun bai-ɗaya, sai nauyin cike gurbin ya dawo kanmu. Albashi yana zuwa a kan kari, ban taɓa rasa abin cefane ba, amma na kai matsayin da idan yammacin Lahadi ya yi sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, domin na san taron Litinin da safe yana jirana, inda za a karanta sunan kowa da abin da ya kasa kawowa.

A cikin aikin ne kuma na gano abin da nake so, ba tare da na je nemansa ba. Da aka faɗaɗa tsarin rage yawo da tsabar kuɗi zuwa Kano a 2013, sannan aka fito da lambar BVN ta tantance mai asusun banki a 2014, sai aka riƙa tura mu kasuwanni mu yi wa 'yan kasuwa bayani. Hedikwata takan aiko da bayanin a rubuce da Turanci, a ce mu haska da majigi mu karanta. Karon farko da aka tura ni kasuwar hatsi ta Dawanau, ba wuta, ba inda za a haska komai, mutane kusan sittin suna zaune a kan benci da buhunan masara a ƙarƙashin rumfa, kowa hankalinsa yana wajen motocin da ake yi wa lodi. Na naɗe takardun na sa a aljihu, na fara da tambaya: wane ne a cikinku aka taɓa tare yaronsa a hanya da kuɗin kaya? Hannaye suka tashi. Daga nan maganar ta zama tasu. Wani dattijo mai jan gemu ya miƙe ya ce shi tsoronsa ɗaya ne, idan ya dangwala yatsunsa aka ɗauki hotonsa, gwamnati za ta ga abin da yake da shi ta biyo shi da haraji. Na yi masa bayani gwargwadon abin da na sani, na kuma gaya masa gaskiya cewa idan wa'adi ya cika bai yi ba, ba zai iya taɓa kuɗinsa ba. An ba ni minti ashirin, muka yi awa ɗaya da rabi. Da zan tafi sai dattijon nan ya riƙe hannuna ya ce, "Yaro, yau ne aka yi mana maganar banki da Hausa." Na koma ofis rigata ta yi futu-futu da ƙura, amma rabon da in ji daɗin aiki irin na ranar har na manta.

Daga lokacin duk fitar da za a yi ta wayar da kai ni ake turawa, har abokan aiki suka riƙa roƙona in je a madadinsu. Na lura cewa abin da yake hana su barci, wato tsayawa a gaban mutane, ni shi ne hutuna. Amma son abu daban, iya shi daban. Wanda ya fara nuna mini tazarar da ke tsakanin biyun shi ne marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, wanda ya yi minista a Jamhuriya ta Farko, ya kuma wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Na saurare shi a wajen taro fiye da sau ɗaya a ƙarshen rayuwarsa, lokacin idanunsa sun tafi, sai an riƙo hannunsa an kawo shi gaban abin magana. Ba takarda, ba majigi, amma da ya fara za ka ji ɗakin ya yi tsit. Na daina sauraronsa don jin daɗi kawai, na koma sauraronsa kamar ɗalibi. Na ga yadda yake dakatawa kafin muhimmiyar magana har sai kowa ya ɗago kai, yadda yake maimaita jimla da ɗan canji har ta zauna, da yadda yake ɗauko ɗan ƙaramin labari ya ɗora masa babban zance. Da ya rasu a Alƙahira a watan Yulin 2017, na ji kamar an rufe wata makaranta da nake zuwa ba tare da malamin ya san da ni ba.

Horo na zahiri kuwa a Abuja na same shi, lokacin da aka tura ni can na wasu watanni, wani abokin aiki ya ja ni taron ƙungiyar Toastmasters, wadda Ralph Smedley ya kafa a Amurka a 1924 domin koyar da magana a gaban jama'a. A can ake ba mutum minti biyar zuwa bakwai, a ɗaga masa koren kati a minti na biyar, rawaya a na shida, ja a na bakwai, kuma akwai wanda aikinsa kawai ya ƙirga kalmomin cike gurbi da mai magana yake furtawa ba da saninsa ba. Da Turanci ake yi, amma abin da na koya na dawo da shi Hausa. Na ɗauki muryata a waya na saurara, sai na ji "wato" da "ka gane ko" sun cika maganata kamar tsakuwa a shinkafa. Na yi watanni ina tsince su. Na kuma koyi abin da ya fi wuya ga Bahaushe mai jin daɗin zance, wato ya gama a kan lokaci ko da yana da sauran abin faɗa.

Ban fita daga banki da gaggawa ba, kuma ina so a ji wannan da kyau, domin yanzu akwai masu hawa dandamali suna gaya wa matasa su watsar da aikinsu su bi burinsu, alhali ba su za su biya musu kuɗin haya ba. Ina ganin wannan zalunci ne. Ni sai da na yi shekara biyu ina tara kuɗi, har na ajiye abin da zai riƙe gidana wata takwas ko da ban samu ko sisi ba. Na biya kuɗin makarantar yara na shekara guda gaba ɗaya. Na yi istihara, na kuma zauna da matata na buɗe mata komai, abin da ke asusu da abin da ake bina. Ta yi shiru tana jujjuya zoben hannunta, sannan ta ce, "Maigida, ni ba talauci nake tsoro ba. Shekara nawa ke nan kana dawowa gida ba ka iya yi wa yara magana? In dai wannan zai dawo mana da kai, ka je, Allah Ya sa albarka. Amma ka yi mini alkawari, idan shekara ɗaya ta cika ba ka ga hanya ba, za ka nemi aiki." Na yi mata alkawari. A ƙarshen 2018 na miƙa takardar ajiye aiki.

Watannin farko sun ruɗe ni, domin gayyata ta yi ta zuwa. Ƙungiyar ɗalibai, taron tsofaffin 'yan makaranta, saukar karatu, ƙaddamar da gidauniya, duk inda ake son wanda zai yi jawabi sai a tuna da ni. Nakan kwana ina shiri, in sa babbar riga, in zuba mai a mota da kuɗina, in yi magana a tafa, sannan a raka ni bakin mota a ce, "Malam, Allah Ya saka da alheri." Wani lokaci a miƙo ambulan a ce ga kuɗin mai, in buɗe a gida in tarar bai kai abin da na kashe ba. Ba zan ɗora wa masu gayyatar laifi ba, domin ban taɓa gaya musu cewa akwai farashi ba. Kunya ce take riƙe mini baki. A al'adarmu idan aka gayyace ka ka yi magana girmama ka aka yi, kuma wanda aka girmama ba ya cewa nawa za a ba shi. Ga kuma kalmar mahaifina tana yi mini amo a kunne: duk lokacin da na yi niyyar ambaton kuɗi sai in ji kamar na tabbatar da abin da ya faɗa.

Da ajiyata ta fara ja baya sai na karɓi aikin gabatarwa a wajen bukukuwa, domin nan ne kuɗi yake zuwa a take. Na yi guda huɗu ko biyar. A na ƙarshe, wata liyafar aure ce a wani babban ɗakin taro, aka miƙo mini takarda mai ɗauke da sunayen manyan baƙi aka ce in yi wa kowa kirari idan ya shigo. Ina cikin ambaton wani attajiri da ban taɓa gani ba sai ranar, ina jera masa siffofin da ban san ko yana da su ba, sai ya taso da rafar kuɗi ya fara manna mini a goshi. Takardun suna zubowa ta kan fuskata suna faɗuwa a kan takalmina, wani yaro yana tsincewa yana zubawa a leda. Na samu kuɗin da ya fi na duk jawaban da na yi a wata uku. Amma da na shiga mota na kasa tayar da ita, na zauna a cikin duhu na fi rabin awa. Ba raina masu wannan sana'a nake yi ba. Tsohuwar sana'a ce mai ƙa'idojinta, masu ita sun gaje ta, sun san tarihin gidaje da asalin mutane, abin da ni ban sani ba. Abin da na gane a daren shi ne ba don wannan na bar banki ba. A Dawanau dattijo ya tafi gida da abin da zai yi amfani da shi. A nan ba wanda ya tafi da komai sai ni. Daga ranar ban sake karɓar aikin biki ba.

Darasi na biyu ya fi wannan ciwo. Wani kamfani ya ɗauke ni in yi wa ma'aikatansa jawabi, shi ne aiki na farko da aka yi ciniki da ni tun kafin taro. Na shirya magana mai daɗi a kan himma da juriya da cika buri, na cika ta da karin magana da labarai, aka yi ta tafi har wasu suka miƙe tsaye. Bayan an watse, matar da ke kula da ma'aikata ta kira ni gefe, ta gode mini, sannan ta ce, "Malam, ka burge su ƙwarai. Amma ranar Litinin idan sun zo aiki, me za su yi daban da abin da suka saba?" Na rasa amsa. Ba su sake kirana ba, kuma sun yi daidai.

Tambayar matar nan ita ta gyara mini sana'a. Na zauna na tambayi kaina abin da na sani da gaske wanda wani zai amfana da shi. Amsar tana cikin shekara goma sha ɗaya da na yi ina duba asusun 'yan kasuwa: na ga yadda shago mai ciniki yake durƙushewa saboda mai shi bai raba aljihun gida da na shago ba, yadda ake cin uwar kuɗi ana zaton riba ce, yadda bashin da aka bayar bisa kunya ba tare da rubutu ba yake cinye jari, da yadda dukiya take watsewa idan maigida ya rasu saboda komai a kansa yake. Na watsar da duk sauran batutuwa na tsaya a kan wannan, da Hausa, ga mutanen da ba wanda yake yi musu irin wannan bayani da harshensu. Na tsara darasin yadda kowa zai fita da abu uku a hannu: littafi mai shafin shiga da shafin fita, albashin da zai yanka wa kansa daga shagonsa, da ƙa'idar da zai bi kafin ya ba da bashi. Idan na tsaya a gaban taro nakan ɗaga kwano biyu, in zuba wake a ɗaya in ce wannan jari ne, in riƙa ɗiba ina cewa ga kuɗin cefane, ga gudummawar biki, ga na asibiti, har kwanon ya kusa ƙarewa, alhali ba a yi asarar ko kwabo a ciniki ba. Ban taɓa yin wannan ba sai na ga wani ya girgiza kai ya dubi na kusa da shi.

Sai kuma na mayar da abin kasuwanci sosai. Na yi rajistar suna a Hukumar Rajistar Kamfanoni, na karɓi lambar biyan haraji, na buɗe asusu da sunan sana'ar, domin babu ƙungiya ko kamfani na kirki da zai tura kuɗi asusun mutum na kansa. Na fahimci cewa a wannan sana'a yawanci ba mai sauraro ne yake biya ba, mai shirya taro ne: ƙananan bankuna masu ba da rance, ƙungiyoyin gama-kai, ƙungiyoyin raya ƙasa masu horar da mata da matasa, da kamfanonin da ke son dilolinsu su iya riƙe lissafi. Su kuwa ba daɗin baki suke saye ba, sakamako suke so, saboda haka na koyi rubuta takardar tayi mai bayyana abin da mahalarta za su iya yi bayan horo. Kafin kowane taro nakan nemi a haɗa ni da mutum uku ko huɗu daga cikin waɗanda za su zo, in ji damuwarsu daga bakinsu. Na kuma rubuta farashina a takarda, domin na gano cewa abin da baki yake jin nauyin faɗa, takarda ba ta jin kunyarsa. Idan aka kira ni yanzu nakan ce, "Na gode da wannan karamci. Bari in turo muku takardar tsarin aikina." Wasu daga nan ba na sake jin su. Waɗanda suka dawo kuwa sukan zo a kan lokaci, su kuma saurara da kyau, saboda sun san abin da suka kashe.

Ƙa'idar karɓar rabin kuɗi kafin taro ma sai da na sha wuya na kafa ta. Wata ƙungiya ta kai ni jihohi uku, na yi kwana tara a hanya da kuɗin aljihuna bisa alkawarin za a biya da an gama, sai da na yi wata bakwai ina bin haƙƙina, kullum a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Duk da haka ban mayar da komai na kuɗi ba. Makarantun Islamiyya, ƙungiyoyin zawarawa da marayu, da ɗaliban sakandare ba na karɓar komai a wajensu, kuma ni nake faɗa da bakina tun farko cewa wannan don Allah ne. Bambancin shi ne yanzu ni nake zaɓar inda zan yi kyauta, ba kunya ce take zaɓa mini ba.

Shekarar da na yi wa matata alkawari ta cika ina samun kusan rabin tsohon albashina, ta duba littafin da kanta ta ce in ci gaba. Muna cewa an fara ganin haske sai ga annobar korona. A watan Afrilun 2020, ana gab da azumi, aka rufe Kano, duk tarukan da na sa a kalanda suka rushe cikin mako guda. Mai sana'ar tara jama'a, ga shi an hana taro. Na sayar da motata a wannan shekarar. Ina zaune a gida sai matata ta ce tun da mutane suna riƙe da waya, me zai hana in koyar ta WhatsApp? Na yi shakka, domin na saba ganin idon mai sauraro. Amma na gwada: in naɗi darasi na minti bakwai da murya, in tura hoton shafin littafi da na rubuta da hannu, mahalarta su turo nasu in gyara, kowa ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da ban zata ba shi ne yawancin waɗanda suka shiga mata ne masu sana'a a cikin gida, masu turaren wuta da dambun nama da ɗinki da kayan miya, waɗanda ba za su taɓa zuwa ɗakin taro a otal ba. Wasu daga Zariya da Gusau, wasu har daga Maraɗi da Damagaram, suna lissafinsu da sefa. Wata ta turo mini saƙon murya tana kuka, ta ce shekara shida tana sana'a, sai a wannan watan ta san nawa take samu. Na saurari saƙon nan ya fi sau goma. Har yau wannan aji yana nan, kuma shi ne yake riƙe ni a watannin da babu taro.

Sana'ar ba ta da tabbas irin na albashi, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Akwai watan da zan yi taro shida, akwai wanda waya ba za ta yi ƙara ba. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya jefa mutane cikin ƙarancin tsabar kuɗi, ƙungiyoyin 'yan kasuwa sun yi ta nemana in yi bayanin taransifa da na'urar POS da yadda ake gane alat na bogi. Bayan an cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na shekarar kuma, kuɗin tafiya ya ninka, masu shirya taro da yawa suka rage horo, domin shi ne abu na farko da ake yankewa idan kuɗi ya yi wuya. Murya ma jari ce mai gajiya. Na taɓa yin kwana huɗu a jere ina magana cikin hunturu har ta dushe gaba ɗaya, tun daga nan nake yawo da ruwan ɗumi da zuma, ba na kuma yarda in yi magana a babban wuri ba lasifika.

Duk tsawon wannan lokaci ni da mahaifina ba mu sake tayar da maganar ba. Nakan je gaishe shi kullum, ya tambayi iyali, ya ce, "Ya aiki?" in ce alhamdu lillahi, shi ke nan. Da na sayar da mota bai ce komai ba, sai dai ya aiko ƙanena da buhun shinkafa.

Bara waccan wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta gayyace ni in yi wa matasan da ke tsaron shaguna horo. Ban san cewa wasu abokansa suna cikin dattawan ƙungiyar ba. Na hau na fara, na ɗauko kwanukana da wake, ina cikin ɗiba sai na hango farar hularsa a layin baya, kusa da ƙofa, ya dogara da sandarsa. Maganar ta tsaya mini a wuya. Na kurɓi ruwa, na ci gaba, ban sake duban wajen ba har na gama. Da aka tashi na neme shi, aka ce ya tafi tun kafin addu'ar rufewa.

Da daddare na je gida na same shi a zaure. Na gaishe shi, na zauna a ƙasa kamar yadda na saba. Bai ambaci taron ba. Ya jawo wata tsohuwar jakar fata daga bayan buzunsa, ya fito da littattafai uku masu baƙin bango da suka sha hannu, ya tura su gabana. Bashin da yake bin mutane ne, wasu shafukan da boko, wasu da ajami, wasu sunayen masu su sun daɗe da rasuwa. Ya ce, "Ƙannenka ba su san abin da ke cikin nan ba, ni kuma ƙarfi ya fara ƙarewa. Gobe bayan Azahar ka zo shago, ka zauna da su, ka yi musu irin bayanin nan na wake." Na ce, "To, Baba." Ya mayar da hannu kan rediyonsa, sannan ya ƙara da cewa, "Ka zo da takardar farashin naka. Aiki ne, za a biya ka."